Ƙarfen Motsa Jiki A Gida: Lissafin Da Ya Kamata Ma'aikaci Ya Yi Tsakanin Abuja Da Azare

Akwai ɗan shirun da likita kan yi bayan ya kwance ɗamarar awon jini daga damtsen mutum, kafin ya ɗago kai ya faɗi lamba. A cikin wannan shirun ne ma'aikatan gwamnatin tarayya da dama suke fara tuna cewa jiki ma amana ne. Mutum ya shafe shekara ashirin ko fiye yana sauya kujeru: ta mota daga Kubwa ko Nyanya, ta ofis a Sakatariyar Tarayya, ta ɗakin taro, sannan ta falo bayan sallar Isha'i. Hadimin minista ko na ɗan majalisa kuwa abincinsa a tsaye, barcinsa a ƙirge, wayarsa ba ta hutawa. Idan likita ya gama rubuta magani, yakan rufe da shawara guda: a rage gishiri, a riƙa motsa jiki.

Daga nan tunanin sayen ƙarfe ke shigowa. Kuɗin rajista a gidajen motsa jiki na Maitama da Wuse ya fi ƙarfin albashin mafi yawan ma'aikata, cunkoson hanya kuma ya riga ya cinye lokacin da za a je. Ga wanda ke gina gidan ritaya a Azare, ko wanda aka tura aiki can, tambayar ta fi haka faɗi: me zai saya, a ina, kuma ta yaya zai kai shi gida ba tare da ya yi asarar kuɗi ko ya ji wa kansa rauni ba?

Ƙasar da ta saba ba tarayya ma'aikata

Ƙasar Katagum ba baƙuwa ba ce a aikin gwamnati. Malam Ibrahim Zaki, ɗaya daga cikin masu riƙe da tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa masarautar a farkon ƙarni na 19, aka kuma mayar da fadarta daga garin Katagum zuwa Azare a shekarun farko na mulkin Turawa. Daga wannan ƙasa Alhaji Sule Katagum ya fito, wanda ya shugabanci hukumar kula da ma'aikatan tarayya har zuwa 1975. Daga nan Alhaji Aminu Saleh ya fito, Sakataren Gwamnatin Tarayya daga 1993 zuwa 1995. Haka nan Alhaji Mahmud Yayale Ahmed, wanda ya riƙe Shugaban Ma'aikata daga 2000 zuwa 2007, ya kuma zama Sakataren Gwamnati a 2008, da Malam Adamu Adamu, Ministan Ilimi daga 2015 zuwa 2023. A bayan waɗannan sanannun sunaye akwai ɗimbin akawu, daraktoci, direbobi da jami'an tsaro, waɗanda ke aiki a Abuja amma zuciyarsu na gida.

Ita ma tarayya tana tura nata mutanen zuwa Azare. Asibitin tarayya na garin ya daɗe yana karɓar likitoci da ma'aikatan jinya daga sassan ƙasar nan, kuma Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da aka kafa a 2021 ta ƙara yawansu. Dokar aiki ɗaya ce ga mafi yawan ma'aikata: shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa. Ana yawan zancen fansho da giratuti da filin da aka saya, amma ba a cika zancen jikin da zai ci moriyar wannan tanadi ba.

Abin da ƙarfe ke yi wa jiki

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta shawarci kowane baligi da ya yi motsa jiki mai matsakaicin ƙarfi na minti 150 zuwa 300 a mako, irin su tafiya da sauri, sannan ya ƙara da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Kashi na biyun ne aka fi mantawa. Tafiya tana gyara zuciya da numfashi, amma ba ta isa ta tsare tsokar cinya da ta baya da ta kafaɗa daga zaizayewa ba.

Masana lafiya sun nuna cewa bayan shekara 30 mutum yakan rasa kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin 100 na tsokarsa a duk shekara goma, asarar kuma tana ƙara sauri bayan shekara 60. Tsoka ce mafi girman ma'ajiyar da ke ɗauke sukari daga jini bayan an ci abinci, saboda haka raguwarta tana buɗe ƙofa ga ciwon suga. Ƙashi ma yana ƙara ƙwari ne idan ana ɗora masa nauyi. Ma'anar wannan a rayuwar yau da kullum a fili take: dattijo ya miƙe daga tabarma ba tare da dafa bango ba, ya tashi daga sujada ba a kama shi ba, ya ɗauki jikansa ba tare da bayansa ya riƙe ba.

Ƙa'idar aikin tsohuwa ce. Girkawa suna da labarin wani ɗan kokawa mai suna Milo, wanda aka ce kullum yana saɓa ɗan maraƙi a kafaɗa, maraƙi na girma, ƙarfinsa na ƙaruwa, har ya wayi gari yana ɗaukar bijimi. A shekarun 1940 wani likitan sojan Amurka, Thomas DeLorme, ya mayar da wannan hikima tsarin jinya ga sojojin da suka ji rauni: a fara da nauyin da jiki zai iya, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Duk abin da za a saya, a saye shi domin ya ba da damar wannan ƙari na sannu a hankali.

Sanda ce tushen kaya

Kuskuren farko da masu saye ke yi shi ne zuba ido a kan fayafai, su raina sandar. Alhali ita ce hannu ke riƙewa, ita ce ke kan wuya da ƙirji, ita ce kuma idan ta gaza ake jin ciwo.

Sanduna iri biyu ne a kasuwa. Akwai ta ma'aunin gasar Olamfik: ta maza kilo 20 ce, tsawonta mita 2.2, kaurin wurin riƙo milimita 28, bakunanta biyu da ake zura fayafai kuma milimita 50. Ta mata kilo 15 ce, tsawonta ya ɗara mita 2 kaɗan, kaurin riƙonta milimita 25. Bakunan wannan sanda suna juyawa da kansu, abin da ke rage wa wuyan hannu da gwiwar hannu murɗewa. Sai kuma ƙaramar sanda mai kauri ɗaya daga farko har ƙarshe, kimanin milimita 25, wadda ta fi araha amma ba ta ɗaukar nauyi mai yawa.

Faifan ƙaramar sanda ba ya shiga babbar, faifan babbar kuma lilo yake yi a jikin ƙaramar. Wanda ya sayi sanda a Abuja, ya bari sai ya je Kano ya sayi fayafai ba tare da ya auna ramin ba, yana iya isa Azare da kaya biyu da ba sa jituwa. Don haka tun farko a tsayar da iri ɗaya, a kuma tafi kasuwa da tef ɗin awo a aljihu.

Ƙarfen sanda mai kyau ya ninka rodin gini ƙarfi fiye da sau biyu, kuma an ƙera shi ne ya ɗan lanƙwasa ya komo daidai. Ba ƙaramin aiki ba ne. Kamfanin Eleiko na ƙasar Suwidin ya yi suna ne a gasar duniya ta 1963 a Stockholm, saboda sandarsa ta kai ƙarshen gasa ba ta lanƙwashe ba, ba ta karye ba, abin da ba a saba gani ba a lokacin. Mai saye a kasuwa yana da gwaji uku masu sauƙi. Ya gangara sandar a kan daɓe mai santsi: idan tana tsalle ko tsakiyarta na ɗagawa, ta riga ta karkace. Ya juya bakunanta da hannu ya ji ko suna tafiya ba gargada. Ya ɗora ta a sikeli ya ga ko ta cika kilon da aka faɗa.

Fayafai biyar, nauyi talatin da biyu

Ba sai an tara tulin ƙarfe ba. Wanda ya sayi sanda mai kilo 20, da fayafai bibbiyu na kilo 1.25, da 2.5, da 5, da 10, da 20, ya mallaki kilo 97.5 ke nan. Saboda kowane faifai ninkin wanda ke ƙasa da shi ne, za a iya haɗa nauyi iri 32 da su, daga kilo 20 zuwa 97.5, ana hawa da kilo biyu da rabi a kowane mataki. Wannan ya wadatar da mafi yawan masu shekara 40 zuwa sama na tsawon shekaru. Ƙananan fayafan nan da ake rainawa su ne mafi amfani, domin tsalle daga kilo 40 zuwa 50 a rana ɗaya shi ke yaga tsoka.

A gasa, launi ke nuna nauyi: ja kilo 25, shuɗi 20, rawaya 15, kore 10, fari 5. Manyan fayafai faɗinsu santimita 45 ne, abin da ke ɗaga sandar daga ƙasa zuwa tsayin da ya dace da mai sunkuyawa. Kayan da aka shigo da su daga Amurka kuwa da laba ake auna su. Kilo ɗaya laba 2.2 ne, saboda haka faifan da aka rubuta wa 45 bai wuce kilo 20.4 ba. Wanda bai lura da wannan ba yana iya biyan kuɗin kilo 45 a kan ƙarfen da bai kai rabinsa ba.

Akwai kuma fayafai masu rigar roba mai ƙyalli da ake tallatawa da arha a intanet. Cikinsu siminti ne ko yashi, suna da kauri har uku ko huɗu su cika bakin sanda, kuma idan rana ta gasa robar ta tsage, sai su fara zuba. Araha ba ta ado.

Sabo, na hannu, ko ƙirar gida

Mafi yawan sabbin ƙarafan motsa jiki da ke shagunan Najeriya daga waje ake shigo da su, galibi daga Sin. Ƙasar da ta kafa kamfanin ƙarfe na Ajakuta tun ƙarshen shekarun 1970 har yau tana sayen zubin ƙarfe da dala. Tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, farashin duk kayan waje ya bi ta. Mafi ƙarancin albashi kuwa naira 70,000 aka mayar da shi a watan Yulin 2024. Wannan tazara ce ta sa ma'aikaci ke bukatar lissafi kafin ya buɗe jaka.

Lissafin kuwa ɗaya ne: a raba farashi da yawan kilo. Da zarar an san kuɗin kilo ɗaya a shago, a intanet da kuma wurin masu sayar da na hannu, kwalliyar fenti da sunan kamfani sun daina ruɗar mutum. Zubin ƙarfe ba ya tsufa. Faifan da ya shekara talatin, idan bai tsage ba, buroshin waya da gwangwanin fenti kawai yake bukata. Ko da ranar sayarwa ta zo, 'yan gwangwan za su auna su biya, abin da ba za a samu a na roba ba. A Abuja ana yawan cin karo da irin wannan kaya a hannun masu tashi daga gida ko waɗanda aka yi wa canjin wurin aiki, da kuma shafuka irin su Jiji da Facebook. Ƙa'ida dai ita ce kada a tura kuɗi sai ido ya gani, sikeli ya shaida.

Kasuwannin tsofaffin ƙarafa ma hanya ce: Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, da yankin Dei-Dei a Abuja. Matasan unguwanni sun daɗe suna mayar da faifan birki da manyan giyoyin mota abin ɗagawa. Sai dai irin wannan ƙarfe ba ya zuwa daidai wa daida, dole a auna kowanne a rubuta nauyinsa da fenti, domin bambancin kilo biyu tsakanin dama da hagu yana karkatar da sanda. Akwai kuma batun asali. A farkon 2025 hukumomin Abuja sun hana 'yan bola-jari yawo a cikin birni, suka dakatar da kasuwannin panteka na ɗan lokaci, bayan yawaitar satar murafan ramukan titi. Ma'aikacin gwamnati shi ya fi kowa cancantar ya tambayi inda ƙarfe ya fito, ya kuma karɓi rasit.

A rumfar mai walda

Abin da Azare za ta iya yi da kanta ya fi abin da ake zato. Mai waldar da ke ƙera ƙofar gida da gadon ƙarfe zai iya ƙera benci da maɗorin sanda, muddin an ba shi awo. Bencin gasa tsayinsa daga ƙasa santimita 42 zuwa 45 ne, faɗinsa 29 zuwa 32, tsawonsa bai gaza mita 1.22 ba. A nemi bututu mai kusurwa huɗu mai kaurin jiki, milimita 2 zuwa 3, a kuma dage cewa a zagaye kowace mahaɗa da walda, kada a yi ɗigo-ɗigo a shafe da fenti. Ƙafafun maɗori su yi faɗi ta yadda ba zai kife ba. Mafi muhimmanci, a sa masa hannaye biyu na kariya a ƙasa da inda sanda ke sauka, waɗanda za su tare ta idan ƙarfi ya ƙare. Kafin mutum ya kwanta a ƙarƙashinsa, a ɗora masa nauyin da ya zarce wanda za a riƙa ɗagawa, a girgiza, a duba mahaɗai.

Sanda ce kaɗai bai kamata a bar wa rumfa ba. Bututun ruwa cikinsa rami ne, yana lanƙwashewa farat ɗaya ba gargaɗi. Rodin gini mai milimita 25 nauyinsa kusan kilo 3.85 ne a kowace mita, wato sanda mai mita 2.2 ba za ta wuce kilo takwas da rabi ba, ƙurajen jikinsa suna saɓule fatar hannu, kuma idan ya lanƙwashe ba ya komowa. Zai yi wa mai ɗaga kilo 30 ko 40 aiki, amma ba a amince masa da abin da ya fi haka a saman ƙirji ba. Sayen nagari mayar da kuɗi gida: a kashe kuɗin a kan sanda, a yi tsimi a sauran.

Fayafan kankare kuwa suna da nasu lissafin. Lita ɗaya ta kankare kimanin kilo 2.4 ce, ta zubin ƙarfe kuma kimanin 7.2. Ke nan faifan kilo 20 na kankare zai ci fiye da lita takwas, alhali na ƙarfe bai kai lita uku ba. Gwangwanin fenti mai lita huɗu, idan aka cika shi, yana ba da kusan kilo tara da rabi. Magini nagari zai haɗa awo ɗaya na siminti da biyu na yashi da uku na ƙananan tsakuwa, ya sa ragar waya a ciki, ya dasa guntun bututu a tsakiya daidai kaurin sanda. A riƙa ba shi ruwa aƙalla mako guda a inuwa, kuma sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa. Kankare yana jure danniya amma ba ya jure faɗuwa. Duk faifan da ya nuna tsaga, a fitar da shi daga aiki.

Daga tasha zuwa tsakar gida

Kilo 100 na ƙarfe daidai yake da buhun siminti biyu, sai dai ba ya zama wuri ɗaya kamar buhu. Wanda zai ɗauko shi daga Abuja, ko ta Jos da Bauchi ko ta Kaduna da Kano, ya shimfiɗa fayafan a ƙasan but, ya ɗaure su, domin ƙarfen da ke yawo a mota yana zama makami idan aka taka birki da ƙarfi. Sanda mai mita 2.2 ba ta shiga but ɗin ƙaramar mota sai an kwantar da kujera. Idan a tasha za a ba da saƙo, a naɗe bakunanta da kwali da tsumma, a gargaɗi direba kada a ɗora mata buhuna a tsakiya. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kuɗin dakon kaya mai nauyi ya zama abin sakawa a lissafi. Shi ya sa tsarin da ya fi sauƙi shi ne a sayi sanda da ƙananan fayafai a Kano, wadda ke kan titi ɗaya da Azare ta Wudil da Shuwarin, a ƙera benci da maɗori a gida.

Wurin aiki yana bukatar fili kimanin mita uku a tsaye, uku a kwance. A duba sama kafin ƙasa: mutum mai matsakaicin tsayi idan ya miƙa sanda bisa kansa, faifai yana iya kai wa fankar silin. Tayil ba ya jure saukar ƙarfe, don haka a shimfiɗa katako mai kauri da roba, ko a yanka tsohuwar taya a yi matashi. Mai zaune a bene a Gwarimpa ko Lugbe kuma ya tuna da maƙwabcin da ke ƙasa da yarjejeniyar haya. Gare shi ƙarafan hannu biyu masu sauya nauyi sun fi doguwar sanda dacewa.

Yanayin Katagum ma yana da nasa hukunci. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura maki 40, ƙarfen da aka bari a rana yana ƙona tafin hannu, jiki kuma yana zubar da ruwa da sauri. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sallar Asuba ko gab da Magariba, a inuwar rumfa ko zaure. A watan azumi a jinkirta zuwa bayan buɗa-baki, a rage nauyi. Ƙurar hunturu tana cushe bakin sanda, raɓar damina kuma tana kawo tsatsa. Goge ta da buroshi da ɗigon man keken ɗinki sau ɗaya a mako ya wadatar, a kuma ajiye ta a kwance a kan maɗori babu fayafai a jikinta.

Inda haɗari yake

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan rabin masu hawan jini ba su san suna da shi ba. Awon 140 bisa 90 ko fiye shi ake kira hawan jini. Wanda nasa ya kai 180 bisa 110, asibiti ya kamata ya nufa kafin kasuwa. Haka mai ciwon zuciya, mai ƙaba, mai ciwon sugan da ya taɓa ido, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan: kowannensu ya fara jin ta bakin likita. Riƙe numfashi yayin yunƙuri yana cilla jini sama nan take, don haka ana fitar da numfashi lokacin turawa, a shaƙa lokacin saukewa. Ciwon ƙirji, jiri ko duhun gani umarni ne na tsayawa.

Ɗaga sanda a kwance a benci shi ne atisayen da ya fi kashe masu yi su kaɗai, domin idan hannu ya gaza, a wuya ko ƙirji take sauka. Hausawa sun ce ƙarfe ɗaya ba ya amo. Ko dai a samu mai tsayawa a kai, ɗa ko ƙane ko maƙwabci, ko a yi a cikin maɗori mai hannayen kariya. Babban yatsa ya zagaye sandar, kada a bar ta zaune a tafin hannu kawai. A gidan da ke da yara, faifan kilo 10 da aka jingina da bango ya isa ya farfasa yatsun ƙafa. A kwantar da su a ƙasa, a kulle ɗaki.

Akwai haɗarin da ba na ƙarfe ba. Duk inda matasa ke ɗaga nauyi, ba a rasa mai tallar allura ko ƙwayar ƙara ƙwanji, ko irin magungunan ƙiba da ake wa laƙabi da sha-ka-fashe. Waɗannan suna tayar da hawan jini, suna taɓa hanta da ƙoda, wasu kuma suna rage haihuwa. Wanda ya sayi ƙarfe don neman lafiya ba shi da hulɗa da su. Wake, gyaɗa, ƙwai, nono, kifi da nama, waɗanda kasuwar Azare ba ta rasa su, sun ishi tsoka abin gini.

Rabon uwargida

Ƙarfen da aka kawo gida na gida ne gaba ɗaya. Mata sun fi maza saurin rasa ƙwarin ƙashi bayan ɗaukewar al'ada, kuma da yawansu ba za su je gidan motsa jiki na gama-gari ba, saboda kunya da al'ada. Tsakar gida tana ba su sirrin da suke bukata. Tsoron cewa mace za ta yi ƙirar namiji ba shi da tushe, domin halittar jikinta ba ta gina tsoka haka. Tarihin wasanni ma ya nuna inda ƙarfin matan ƙasar nan ya kai: Ruth Ogbeifo ta ci azurfa a gasar Olamfik ta Sidni a 2000, shekarar farko da aka ba mata damar ɗaga nauyi a gasar, Folashade Oluwafemiayo kuma ta ɗaga kilo 167 a gasar nakasassu ta Faris a 2024, ta kafa tarihin duniya. Ga mai farawa, ƙarafan hannu na kilo 2 zuwa 5 sun isa.

Atisayen kansa bai da yawa: tsuguno da tashi, ɗago nauyi daga ƙasa da miƙaƙƙen baya, turawa sama, turawa a kwance, da jawowa zuwa ciki. Kowanne sau 8 zuwa 12, zagaye biyu ko uku, kwana biyu ko uku a mako, da hutun yini guda a tsakani. Duka bai wuce minti arba'in ba. A fara da sanda tsura, ko ma da muciya, har jiki ya koyi hanya.

Gidaje da yawa a Abuja suna da keken motsa jiki da ya koma wurin rataye kaya, saboda an saye shi da zumuɗi a mako guda. Hanyar kauce wa haka ita ce a gwada niyya kafin a gwada aljihu. Jarka mai lita 10 cike da ruwa kilo 10 ce, tana nan a kowane gida daga Garki har Katagum. Wanda ya yi wata biyu yana ɗaga jarka biyu kowace Litinin da Alhamis bai fasa ba, ya cancanci sanda. Sai ya ɗauki tef da sikeli ya nufi kasuwa.